Muryar Inna a Falon Abdussamad

"Ki ce maƙwabciyarku ce," in ji Abdussamad. "Kalma ɗaya ce, Hamdiya... ki rufa min asiri."

Muna tsaye a ƙofar falonsa a Gazawa bayan la'asar. Mahaifiyarsa Hajiya Saliha tana ciki tana jirana.

"Na ba ka kaset ɗin Innata ka juye min shi a waya kafin ya lalace. Ban ce ka kunna wa mutanen gidanku ba."

"Wallahi gwada kayan sautin nake yi, masoyiyata. Muryar ta cika gida, Hajiya ta leƙo ta ce ai wannan Tchima ce, zabiyar Gangara. Kin san danginmu... ba su auren ɗiyan maroƙa."

Ina da shekara shida Inna ta rasu. Kawu Zakari ya riƙe ni a Cadawa, ya sa ni lakol har na gama jami'a, dangin Abdussamad duk ɗiyar Kawu suka ɗauke ni. Saura wata uku a ɗaura mana aure. Ni da ko a aji ban iya ɗaga murya ba, sai na bi shi ciki.

Na durƙusa na gaida Hajiya. Gefe da gefe ga lasifika biyu na katako mai sheƙi, tsayinsu ya kai kafaɗata. Ko ƙannensa ba ya bari su taɓa su.

"Sake kunna mana," in ji Hajiya.

A tsohon rediyon Kawu muryar Inna siririya ce, ƙarar kaset duk ta danne ta. Nan kuwa sai ka rantse zaune take a tsakiyar falon. Na ji yadda take jan numfashi. Na ji awarwaronta yana taɓa ƙwarya, da zakara can nesa. Sai jaririya ta tsanyara kuka, Inna ta katse baiti ta ce a hankali, "Yi shiru uwata, saura kaɗan."

Tun ina yarinya nake jin kaset ɗin nan, ban taɓa jin wannan maganar ba.

Hajiya kuka take yi, har kafaɗunta suna rawa.

"Da wannan waƙar ta raka ni ɗakin mijina," ta ce. "Allah ya jiƙan Tchima. Ke ɗiyata, ina kika samo shi?"

"Maƙwabtansu ne, Hajiya," Abdussamad ya yi caraf. "Can da..."

"Ni ce mai kukan nan," na ce. "Tchima ce ta haife ni."

Hajiya ta share ido da gefen mayafi. Ta janye ƙafarta daga kusa da ni.

"To... Allah ya ba ki miji daidai da ke."

"Ta isa ta sa ki kuka, Hajiya, amma ɗiyarta ba ta isa ta shigo gidanki ba?"

Na juya wajen Abdussamad, mutumin da ya yi shekara biyu yana ce min hasken idonsa. Yana durƙushe gaban kayan sautinsa yana rage ƙara.

"Hamdi, ki yi haƙuri mu bi abin a hankali..."

"Ba ni kaset ɗina."

Ya ciro ya miƙo min, da ɗuminsa.

"Wanda ka juye kuma ka goge shi. Yanzu, a gabana."

"Haba, ko don tunawa..."

"Gidan da ake jin kunyar sunanta ba za a ji daɗin muryarta ba. Goge."

Ya goge.

Na saka takalmina na nufi tasha. Bai biyo ni ba. Na daure har motar Cadawa ta fita daga Gazawa, sannan na ja mayafi na rufe fuska na yi kukan da ya ishe ni.