Man Jirgi da Man Mota

"Ƙarya ne, Inna... wallahi ƙarya ne."

Dudu ce ta faɗi haka a durƙushe gaban bandar kifi, hayaƙi na shiga idonta, ba ka iya raba hawayen hayaƙin da na zuciya.

Innarta, Tabawa, ta dafa mata kafaɗa.

"Sassauta murya, babanki na zaure."

Ai ba sai an faɗa mata ba, tana jiyo shi. Tana kuma jiyo Ɗanladi, mai sayar da fetur a bakin ruwa, wanda ya daɗe yana binta tana ce masa ya yi haƙuri.

"Da idona na gani, Baba," in ji Ɗanladi. "Gindin tsamiyar nan ta bayan gari. Ya shige ƙarƙashin motar, ya kwance noti, ya tsiyaye man nan naka kaf a ƙasa. Har da toshe hanci."



Can sai ga babanta, Malam Dauda, ya shigo cikin gida, bai dubi kowa ba.

"Dudu."

"Na'am, Baba."

"Maganarki da yaron Yelwa, a bar ta. Wanda ya ji warin kifi a jikin maina, gobe a jikin ɗiyata zai ji shi."

Ya juya ya fita.

To, bari in koma baya kaɗan, don a gane yadda aka yi.

Zaidu direba ne a gidan Alhaji Ibrahim mai albasa, a Yelwa. Motar da yake ja 'yar Jamus ce, ruwan toka, mai lambar Sakkwato. In ta hau kwalta sai dai ka ji wucewarta. Alhaji bai yarda kowa ya taɓa ta ba sai Zaidu, shi kuwa Zaidu yana lallaɓa ta kamar jinjira. Baƙin man da take sha ma ba a samunsa a kasuwar Yelwa, a rufaffen gwangwani ake zuwa da shi daga Kaduna.

A kasuwar kifi suka haɗu da Dudu, ranar da matar Alhaji ta aike shi sayen banda. Ya taya, ta ƙi. Ya sake tayawa, ta sake ƙi. Daga ranar sai ya zama gidan Alhaji ba sa rabuwa da sha'awar banda.

Jiya ne ya zo gaida iyayenta a ƙauyensu da ke gefen Wara, Alhaji ya ba shi aron motar don a fita kunya. Aka ci tuwo da miyar kifi, aka yi addu'a, komai lafiya. Da zai tafi sai ya buɗe gaban motar, yadda ya saba in ya bi hanya mai gargada, ya zaro gejin mai ya goge ya mayar, ya sake zarowa.

Malam Dauda ya leƙo. Shi ma fa mutumin inji ne. Injin jirgin ruwansa shi ne na farko a ƙauyen, kuma har riga ya ɗinka masa ta buhu.

"Ya yi ƙasa," in ji shi.

"Kaɗan ne, Baba. Zai kai ni."

"Ba a wasa da mai, yaro."

Ya shiga gida da kansa ya fito da galan ɗin man jirginsa, wanda ko ƙannensa ba ya ba su. Mazan gidan duk suna tsaye suna kallo.

"Baba, da an bar shi..." Zaidu ya faɗa a hankali.

"Ka raina shi ne?"

Zaidu ya sunkuyar da kai.

Tsoho ya karkata galan, ya zuba, ya zuba, fuskarsa cike da murna. Dudu na leƙe ta jikin zana, ita ma murnar take. Ba ta lura da cewa zufa ta jiƙa wa Zaidu riga ba. Ya durƙusa ya yi godiya, ya ta da motar, ya ja ta a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Wannan ke nan.

Bayan maganar Ɗanladi, Zaidu ya zo a motar haya, aka ce masa mai gida ba ya nan, alhali takalmansa na ƙofar zaure. Ya daɗe a tsaye cikin rana, sannan ya koma.

Dudu ta daina cin abincin kirki. In ta tuna yadda yake sunkuyar da kai in yana magana, sai ta ce ba zai aikata ba. In ta tuna tafiyar hawainiyar da ya yi da motar, sai shakka ta kama ta.

Ranar kasuwar Yelwa Inna ta ɗora mata kwandon banda.

"Ki sayar ki dawo da wuri," ta ce, tana gyara mata gammo. "In kin bi ta wani wuri, ni ban aike ki ba."

Ta sami Zaidu a rumfar mota ta gidan Alhaji, ƙafafunsa kawai ake gani daga ƙarƙashi.

"Direba."

Ya fito da sauri har ya buga goshi.

"Dudu... ke ce?"

"Tambaya ɗaya na zo yi. Ka zubar da man Baba?"

Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Na cire shi daga motar."

Ta juya za ta tafi.

"Tsaya, sanyin idona. Don Allah tsaya ki gani."

Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da wani galan da aka ɗaure wa baki da leda.

"Ga shi nan. A kwano na tare shi, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Ya gauraya da tsohon man motar, ba zai yi wa jirgi ba yanzu, amma na kasa rabuwa da shi. Hannun Baba ne ya ba ni."

Ta dubi galan ɗin, ta dube shi.

"To don mi ka cire?"

"Kawo yatsanki."

Ya ɗiga mata man wani gwangwani. Ta murza, ta ji shi da kauri da santsi kamar zuma.

"Wannan shi ne na motar. Aikinsa ya zauna cikin inji yana zagayawa, duk zafin da za a yi kada ya tsinke, kada ya ƙone. Motar nan in ta ɗau gudu cikinta wuta ne. Shi kuwa na Baba, da fetur ake gauraya shi, an yi shi ne don ya ƙone ya fita da hayaƙi. Mai ne mai kyau, Dudu, amma na jirgi. Da na kama hanyar Yelwa da shi, ƙarfe zai ci ƙarfe. Motar kuma amana ce."

"Sai ka canza a gindin tsamiya."

"Ina da gwangwanaye a but ɗin motar, dama lokacin juyen ya kusa. Na bar shi ya tsiyaye tas, na sa sabuwar filta, na zuba nata. Ina kwance a ƙasa ina jin kamar sata nake yi."

"Kai kuwa mi ya hana ka faɗa masa tun farko?"

Ya ɗago ido, sun yi ja.

"Da wane bakin? Mutumin da na zo roƙon 'yarsa, a ƙofar gidansa, gaban ƙannensa, in ce masa bai san mai ba?"



Haushinsa Dudu take ji, tausayinsa take ji, ta rasa wanda ya fi yawa.

"Kunyarka ta kusa raba mu, Zaidu."

"Na sani."

"Har yanzu ba za ka iya faɗa masa ba?"

"In na ga fuskarsa, harshena ɗaurewa yake."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Ba ni gwangwani ɗaya."

"Mi za ki yi da shi?"

"Miya zan yi."

Ya yi 'yar dariya, ta farko tun zuwanta. Ya shiga ya nemi izinin Alhaji, ya fito ya sa mata a kwando, ya rufe da ganyen da ta zo da shi.

"Basarkiyata, ɗiyar masunta... kada ki ja wa kanki faɗa saboda ni."

"Saboda kaina zan ja," ta ce, ta ɗau kwandonta.

Washegari da hantsi Malam Dauda na bakin ruwa shi kaɗai, sauran masunta sun riga sun yi nisa. Ya cire wa injin rigarsa, ya buɗe tanki yana shirin haɗa fetur. Ruwa kwance, sai tsuntsaye.

Dudu ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a taƙaice.

Ta fito da gwangwanin, ta huda bakinsa da wuƙa.

"Mi ke nan?"

"Mai ne, Baba. Na motar Alhaji. An ce duk ƙasar Yauri babu mai kyansa. Na ce bari in zuba wa injinka ya ji daɗi."

Ta karkata shi a bakin tankin.

Kafin ɗigon farko ya sauka, ya cafke wuyan hannunta.

"Ke! Kashe ni za ki yi?"

"Ai mai kyau ne, Baba."

"Mai kyau ga mota. Wanga ba ya ƙonewa yadda ya kamata. Ya toshe mini fulogi, ya cika inji da baƙin dauɗa, ya mutu da ni a tsakiyar ruwa iska na tasowa. Kowane inji da..."

Bai ƙarasa ba.

Hannunsa na nan riƙe da nata.

Hawaye suka zubo mata, ta bar su.

"Ni ɗiyarka ce, Baba, ka riƙe hannuna. Shi yaya zai yi ya riƙe naka?"

Ruwa na dukan cikin jirgin a hankali.

"Bai zubar a ƙasa ba," ta ce. "Na ga man da idona, yana ajiye a galan, ya ɗaure masa baki. Ka yafe mini rashin kunyar da na yi."

Malam Dauda ya saki hannunta. Ya karɓi gwangwanin, ya ɗiga a yatsa, ya murza. Ya taɓa nasa man da ɗaya hannun, ya murza. Ya daɗe yana duban yatsun nan biyu.

Ya haɗa fetur ɗinsa, ya ja igiya, jirgi ya yanki ruwa.

Ta tsaya har ya zama ɗan ɗigo. Ta koma gida ba ta san ko gyarawa ta yi ko ƙarasa ɓatawa ba.

Da la'asar ya dawo, ya bi ta rumfar Ɗanladi. Inna ce ta ba Dudu labari daga baya. Wai cewa ya yi, "Taso ka nuna mini inda man ya zuba, ai baƙin mai ba ya ɓuya a ƙasa." Suka je gindin tsamiya, Ɗanladi ya yi ta zagaye yana tona ƙasa da ƙafa, wai ko awaki sun tattake wurin. Malam Dauda ya dube shi kawai, ya kama hanyar gida. Tun ranar a Wara yake sayen fetur.

Aka aika wa Zaidu.

Ya zo da motar Alhaji, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a zaure kansa a ƙasa. Dudu da Inna na bayan zana, sun kasa kunne.

"Zaidu."

"Na'am, Baba."

"Da motar mutane ta lalace a hanya, mi za ka ce wa mai ita?"

"Sai in ce laifina ne."

"Ka ji shirme." Tsohon ya gyara zama. "Ni na zuba, kai ka ɗau laifi. Wane irin mutum ne kai?"

Zaidu ya ƙara yin ƙasa da kai.

"Ɗiyata zan ba ka, ba galan ba. Gidan aure kuwa ana faɗin gaskiya ko da ɗaci. Daga yau in ka ga zan yi kuskure, ka riƙe hannuna. Ka ji ko?"

Zaidu ya ɗago kaɗan, ya sake sunkuyawa.

"Wallahi Baba... ba zan iya ba."

Inna ta toshe baki da mayafi.

Malam Dauda ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"To shi ke nan. Ka riƙa faɗa wa waccan da ke laɓe bayan zana. Ita tana iyawa."

Dudu ta ruga ɗaki ta faɗa kan gado, tana dariya tana kuka.

Kafin Zaidu ya tafi ranar, sai da tsohon ya sa shi ya nuna masa komai: inda notin juye yake, yadda ake shafa wa bakin filta mai kafin a ɗaura, da dalilin da ya sa ake juyewa inji na da ɗumi. Har ƙasa Malam Dauda ya kwanta da farar rigarsa yana leƙe, yana tambaya, yana gardama.

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure.

Ranar kai amarya Alhaji ya aiko da motar, wani abokin Zaidu ne ya ja. Aka fito da Dudu lulluɓe, tana kuka ta riƙe zanen Inna, da ƙyar aka ɓamɓare ta. Mata na guɗa, mota ta tashi.

Malam Dauda bai shiga cikin taron ba. Yana can gefen hanya shi kaɗai, ya karkata kunne yana sauraro, har ƙarar ta yi nisa, ta ɓace.

Inna ta zo ta tsaya kusa da shi. Ta ga gemunsa a jiƙe, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Sun tafi, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya yi gyaran murya.

"Injin lafiya lau yake," ya ce. "Zai kai ta."