Saurayin da Ya Daina Cewa Lafiya Lau

Samira na tsinkar zogale a tsakar gidansu da ke Gazara, sai ga Gwaggo Lantana, ƙanwar babanta, ta shigo tana tafa hannu.

"Wannan saurayin naki Ikrima ya taɓu. Yaya Tanko na ce masa 'ya aiki, lafiya?' ya yi tsugune kamar an dasa shi, ko uffan. Kuma ba yau ya fara ba. Na ce a mayar musu da lefensu, babanki ya yarda."

Samira ta sha kuka, amma mamaki ya fi kukan yawa. Ikrima nas ne a wani asibiti a Makarfi, da can surutu kamar rediyo. Tun da aka kai shi ɗakin masu korona ya sauya. To me ya cinye masa "lafiya lau"?

Da la'asar ya zo zance, ya tsaya nesa da takunkumi a fuska. Ta riƙe ƙugu, ta shaƙe murya sak ta Gwaggo.

"Kai ɗan nan, gwamnati ce ta hana amsa gaisuwa a Makarfi?"

Ya yi dariya, dariyar ta zarce zuwa hawaye.

"Samira, kullum 'yan'uwan majinyata na tare ni a ƙofar asibiti — 'ya jikinsa?' In ce lafiya lau, da sauƙi. Haka na faɗa wa 'yar wani tsoho da safe, kafin azahar ni na ja masa mayafi. Yanzu da na buɗe baki sai 'lafiya lau' ta ƙi fita. Barci ma ya ƙaurace min."

"Shi ne ka yi shiru? Gobe ka je ka ga likitan ƙwaƙwalwa a Zariya. Baba kuma ka bar ni da shi."

Ta durƙusa gaban babanta Malam Tanko ta zayyane komai, ta roƙi a dakata da mayar da lefen.

Ranar Juma'a Ikrima ya sake tsugunawa a zaure.

"Ba zan tambaye ka lafiya ba," in ji Malam Tanko. "Ya gajiya?"

"Akwai ta, Baba. Da yawa."

"To zauna. Lantana, a damo masa fura."

Bayan girbi aka ɗaura aure, ango na ci gaba da ganin likitansa. Mai jinyar mutane shi ma mutum ne. Idan ya yi shiru, a tambaye shi dalili kafin a yanke masa hukunci.