Tandar Inna

Sufeto Abdullahi ba aiki ya kawo shi Sakkwato ba. Bakano ne da Nasara suka yi wa canjin wuri zuwa Argungu, ya yada zango yana jiran mota. Shi kuwa mutum ne mai son cikinsa, duk garin da ya sauka, kasuwa yake fara gaisarwa kafin bariki.

Jiya da safe ya sha koko, ya ɗanɗana hoce, wainar dawar nan ta Sakkwatawa, sannan ƙamshi ya ja shi rumfar Dijatu mai masa. Kai, masa ke nan! Laushi kamar auduga. Ɗaya ta zo masa da wani zane a baya, ya tambaya, Dijatu ta yi dariya ta ce gurbi ɗaya ne na tandar ya tsage tun zamanin innarsu.

Yau ya dawo da kwaɗayinsa, sai ya tarar da Dijatu zaune gaban murhu tana kuka, wani dogari tsaye a kanta.

"An sace tandar, ranka shi daɗe," in ji dogarin.

"Tukunyar ƙasa ce fa. Ba sai a sayi wata ba?"

Dijatu ta ɗago. "Yallaɓai, sabuwar tanda kama ƙullu take. Kahin ta sha mai, masu saye sun watse, ga marayu ina ciyarwa. Kuma ita kaɗai Inna tab bar mini."

Sufeto ya duba rumfar. Ga kwalbar man gyaɗa cike, ga itace, ba a taɓa ba. Amma tsumman da ake naɗe tandar ya tafi tare da ita. Ɓarawon da zai tsaya ya yi wa tukunya sutura, ai ya san darajarta.

Ya juya ga Sahabi mahauci, maƙwabcin rumfar.

"An ce kuna faɗa da ita kan hayaƙi."

"Mun yi, mun shirya."

"Wa ka gani da asuba?"

"Ban ga kowa ba. Ina mahauta."

"Naman nan na jiya ne, malam. Yau ba ka yi yanka ba."

Sahabi ya sosa ƙeya. "To, ina nan. Mace nag gani da kaya a ka. Amma wanga zance na gida ne, kada ka sa ni ciki."

Na gida. Sufeto ya koma wajen Dijatu.

"Kina da 'yar'uwa a kasuwar nan?"

"Yaya Hajjo. Tana can bakin tsamiya, ita ma masa take yi. Amma haba, yallaɓai!"

Sufeto ya nufi can, dogarin na biye da shi. Bakin tsamiya ba kowa sai ƙuda. Hajjo na zaune da ƙwarya cike da masa, murhunta babu ko toka mai ɗumi. Ba ta kallon mai saye, rumfar ƙanwarta take kallo, inda mutane suka taru suna jaje. Ko a ranar asara, can jama'a suke.

"Sannu da kasuwa, baba. Yau ba a suya?"

"Gida nis soya. Hayaƙi na cin idona."

"Kin je wa ƙanwarki jaje?"

"Masu yi mata sun isa. Ita kullum ba ta rasa mutane."

"A zuba mini."

Ya zauna ya ci ɗaya. Subhanallahi, kamar ya tauna danƙo, ga tsami. Ya daure ya juya ta biyu, ya juya ta uku. Ta huɗun ce ta zo da zanen nan a bayanta. Ya ɗora ta a tafin hannu ya miƙa wa Hajjo.

"Tawa ma ta tsage," in ji ta da sauri.

"To mu je gida mu gan ta."

Hajjo ta kau da kai daga masar. Sai ta ce:

"Tana ƙarƙashin gadona. Ni ce babba, yallaɓai. Ni nid daka wa Inna gero tun Dijatu na goye. Ranar da za ta cika, tat tsallake ni tab ba Dijatu tandar. Kullum ina nan zaune ina kallon mutane na wuce ni, har baƙi irinka. Jiya ina ganinka kana lashe yatsa. Wallahi ji nike kamar zuciyata ta hwashe!"

Dijatu ta iso da gudu, ta durƙusa ta kama ƙafar dogarin.

"Ku bar ta, don Allah. Yaya, in tandar kike so, na ba ki. Riƙe ta."

Hajjo ta fizge zanenta, hawaye na zuba.

"In yi mi da ita? Shekara da shekaru ina gaya wa kaina tandar ce sirrin masarta. Yau na aza ta bisa wuta, na zuba ƙulluna." Ta tura ƙwaryar da ƙafa, masa ta watse a ƙasa. "Ga abin da ya hito. Inna ta san hannun da tab ba."

Ta miƙe da kanta ta shige gaban dogarin, suka nufi wajen alƙali. Dijatu ta bi su tana kiran "Yaya, Yaya," amma Hajjo ba ta waiwayo ba.