Mutum Na Sha Bakwai

Ranar Talata ya shigo ɗakin binciken da rigar asibiti a jikinsa, yana ta duba agogo kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ita tana bayan tebur da takardar yarjejeniya da biro. Digiri na biyu take yi, kuma a kan wasan bidiyo take nazari: me ke sa wani ya faɗi ya sake gwadawa, me ke sa wani ya ajiye ya tafi. Mutum sha shida sun riga shi zama a kujerar, don haka ta rubuta lamba a kati ta miƙa masa.

"Daga yau sunanka Sha Bakwai. Ba ma rubuta suna a nan."

"To ke lamba nawa ce, Malama?"

"Ni ce mai ƙirgawa."

"Shi ke nan, Mai Ƙirga."

Wasan na tsallake gada ne, kuma da gangan aka yi gadar ta riƙa rushewa. Yawancin mutane a faɗuwa ta tara suke tsaki su miƙe. Shi sai da ya faɗi sau arba'in da uku. Shayinta ya huce, ta manta da shi. Da ta tambaye shi dalili, sai ya ce a sashen gashin ƙashi yake aiki, kullum yana koya wa masu karaya tafiya.

"Idan na gaji a karo na tara, wa zai ɗaga min tsohon da ke jira na?"

Ta rubuta maganar, ta ja mata layi.

Sau huɗu ya dawo hira, kuma maganganunsa suka zama babi na huɗu, ƙashin bayan aikinta gaba ɗaya. Matsalar ita ce dokar sashensu a jami'a a fili take: mai bincike ba ya soyayya da wanda yake bincike a kansa. In ta faru, a cire duk bayanan mutumin. Saura wata biyu ta kare kundinta.

Ta san dokar sarai. Amma ga saƙo ya shigo:

"Mai Ƙirga, yau wata yarinya ta taka ƙafarta karo na farko. Ke na fara tunawa. Ban san a wane babi za ki sa wannan ba."

Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Ta share tebur, ta jera littattafan da ke jere. Daga ƙarshe ta tura: "Ba zai shiga babi ba. Na ajiye shi wani wuri."

Daga nan zama ya gagare ta. Ta fara sakin layi ta bar shi a rabi, ta leƙa waya, ta leƙa taga. Umma ta lura, ta titsiye ta, magana ta kai kunnen Abba. Shi dama bai taɓa yarda da karatun ba.

"Shekara shida a jami'a, ki ce min wasa kike karantawa, na yi shiru. Yanzu kuma miji kika tsinto a wurin wasan? Aure ba abin wasa ba ne, 'yar nan."

Kamar wannan bai isa ba, akwai abokin aikinta da ake kira Dakta Gobe, saboda shekara biyar ke nan yana cewa gobe zai gama. Ya daɗe yana kawo mata littattafan da ba ta tambaya ba. Shi ya tare Sha Bakwai a bakin ƙofa, ya nuna masa shafi ɗaya daga littafinta: "Lamba 17: a ja shi da hira, a tabbatar ya ci gaba da zuwa."

Tun makon farko ta rubuta wannan, amma wa zai duba kwanan wata da zuciya a tafashe?

"Ashe har yanzu ƙirga ni kike yi," Sha Bakwai ya rubuto mata. "Allah ya ba da sa'ar kundi."

Kwana tara bai ɗaga wayarta ba. Ta rame, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne hanya mai sauƙi tana nan: ta yi shiru, ta kare kundi, ta rasa shi. A rana ta goma ta ƙwanƙwasa ofishin Farfesa, mai duba aikinta.

"Ina son sa, ranki ya daɗe. A cire shi."

Farfesa ta sauke tabarau. "Kin san ba ki da kundi in babu babi na huɗu? Shekara guda za ki ƙara."

"Na sani."

A gabanta ta goge faya-fayan hirarrakin huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Ta fito ta zauna a matakala ta yi kukanta mai isarta, sannan ta ɗauki hoton takardar cire shi da Farfesa ta sa wa hannu, ta tura masa: "Babu kai a bincikena. Idan na sake kiran ka, don kaina ne."

Ba a yi rabin awa ba sai ga shi yana haki, ko rigar aiki bai cire ba.

"Shekara guda, Mai Ƙirga? Saboda ni?"

"Saboda ba na so ka sake tambayar kanka."

Ya zauna matakala ɗaya ƙasa da ita. "Ki yafe min. Gada na yi wa haƙuri sau arba'in da uku, ke na kasa yi miki sau ɗaya."

Umma ce ta kai wa Abba takardar. Ya karanta sau biyu, ya dubi Umma.

"Da ta ɓoye, wa zai sani?"

"Babu kowa," in ji Umma.

"To ki ce ya turo magabatansa."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Farfesa ta zo, har Dakta Gobe ya zo, ya ci ya ƙoshi. Da za a tafi da amarya, Abba ya kira ta ɗakinsa, ta durƙusa tana jiran nasiha. Ya yi gyaran murya, ya kalli gefe.

"Na ji an ce sai kin sake neman mutane tun daga farko. Wannan kujerar taku, ana karɓar tsofaffi?"

Ta ɗago, hawaye da dariya suka haɗe mata.

"Ana karɓa, Abba."

"To ki rubuta ni. Tashi ki tafi, mijinki na jira. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da haƙuri da juna."