Iskar da Inna Take Nufi

A garin Kabo akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke kiranta Auta. Yarinya ce mai son taimako, amma ba ta tambaya. In ta ji magana, kafin a ƙarasa har ta miƙe.

Innarta awara take yi. Baba ya saya mata babban murhun gas, aka ajiye shi a wani ɗan ƙaramin ɗaki. A nan take dafa madarar waken suya a ƙatuwar tukunya. Ɗakin ba shi da taga, sai dai Baba ya sa magini ya bar kafa biyu a bango. Ɗaya tana ƙasa, ɗaya tana can sama kusa da rufi.

Wata rana da damina hadari ya taso. Inna ta kunna murhu, iska ta shigo ta ƙofa ta kashe wutar. Ta sake kunnawa, ta sake mutuwa.

"Kai, wannan iska ta ishe ni!" in ji Inna. "Sai kashe min wuta take yi."

Auta tana tsakar gida, ta ji. Ta ce a ranta, "Ai kuwa zan yi maganinta."

Washegari Asabar ce, babu makaranta. Inna ta shiga maƙwabta. Auta ta kwaso tsummoki da tsofaffin safanta na makaranta. Ta cusa su a kafar ƙasa tam. Ta taka turmi, ta toshe ta sama. Ta sauko tana murmushi, tana jiran yabo.

Da hantsi aka fara yayyafi. Inna ta shiga ɗakin, ta ja ƙofa ta rufe, ta kunna murhu. Auta ta zauna a rumfa tana aikin gida na makaranta.

Kullum in Inna tana aiki, bakinta ba ya shiru. Ko ta ce a miƙo mata ludayi, ko ta ce a kori kaji. Yau kuwa shiru. Auta ta ajiye littafinta. Ta je ta tura ƙofar.

Wani zafi ya buge ta. Wutar da ta saba gani shuɗiya ta koma ruwan ɗorawa, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin. Inna tana zaune a ƙasa, ta dafe kai.

"Inna! Me ya same ki?"

"Kaina... jiri nake ji," in ji Inna da ƙyar.

Auta ta ƙwalla kira, "Baba! Baba, zo ka ga Inna!"

Allah ya sa ruwa ya hana Baba tafiya gona. Ya zo da gudu, ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, ya kashe gas. Ya kama Inna ya fito da ita rumfa. Da ta ɗan sha iska, ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti. Auta ta zauna a bakin zaure tana ta kuka.

Bayan la'asar suka dawo. Inna ta sauko daga babur da ƙafafunta, har tana gyara mayafi. Auta ta ruga ta ƙanƙame ta. Ba ta taɓa jin sanyi a ranta irin na ranar ba.

"Alhamdulillahi, da sauƙi," in ji Baba. "Likita ya ce gurɓatacciyar iska ta shaƙa. Da ta ƙara jimawa a ciki, da abin ya yi muni."

Baba ya shiga ɗakin yana dube-dube. Can ya fito riƙe da safa ɗaya mai huji a dunduniya.

"Auta, wannan ba taki ba ce?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Tawa ce, Baba. Ni na toshe kafofin. Na ji Inna ta ce iska ta ishe ta."

Inna ta riƙe haɓa. "Oh ni! Ai iskar hadari nake nufi, ba wadda muke shaƙa ba."

"Ashe ba ɗaya ba ce?" in ji Auta tana share hawaye.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce ta kawo kyandir da kofin gilashi. Ya kunna kyandirin, ya ce, "Kifa kofin a kansa."

Ta kifa. Wutar ta yi ƙasa, ta ƙanƙance, ta mutu.

"Wa ya hura ta?"

"Ba kowa."

"To kin gani. Wuta ma tana numfashi kamar ni da ke. Kafar ƙasa ce ke kawo mata sabuwar iska, ta sama kuma tana fitar da mai zafi. In iska ta yi mata kaɗan, sai ta riƙa fitar da wata guba. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Ita ce Innarki ta shaƙa."

Auta ta durƙusa. "Inna, ki yafe min. Baba, ka yi haƙuri."

"Na yafe miki," in ji Inna. "Ai ke ce kika ji shirun ya yi yawa, kika zo."

Auta ta cire tsummokin tas da hannunta. Baba ya kafa wani tsohon kwanon rufi a gefen ƙofa, don ya tare iskar hadari.

Da Inna ta warware, ta koma aikinta. Ta kunna murhu, wuta ta tashi shuɗiya shar. Auta ta sa hannu a kafar ƙasa, ta ji iska mai sanyi tana shiga, ta yi ajiyar zuciya.

Yara, kada ku toshe kafar iska a ɗakin da ake kunna wuta. In kuma kun ji magana ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku aikata.