Hoton da Ya Wanke Direba

Idanunta kawai ya fara gani, don takunkumi ya rufe sauran fuskar. Ita ce mai ɗaukar hoton ƙirji a asibitin. Shi kuwa direban bas ne, ya shigo rungume da 'yar yayarsa marigayiya, yarinya 'yar shekara huɗu da tari ke neman shaƙewa. Tun a gida Inna, mahaifiyarsa, ta yanke hukunci: shi ya kwaso korona a mota ya shafa wa marainiya.

"Mutum ɗaya zai tsaya ya riƙe ta. Kai ne mahaifin?"

"Ni ne," ya ce da sauri.

Ta rataya masa rigar dalma mai nauyin tsiya, ta nuna masa yadda zai ɗaga hannayen yarinyar sama.

"'Yar kirki, ja numfashi kamar za ki hura balan-balan, ki riƙe."

Likita ya duba hoton, ya ce nimoniya ce a gefe ɗaya na huhu, gwajin hanci ma ya nuna babu korona. Mako guda yarinya ta miƙe tana neman rigima. Gogan naku kuwa wani ciwon ya kwaso, na so, har sai da ya samo lambar wayar mai hoton.

"Mai Hoto, kin sauke min nauyi daga zuciya. Na gode."

"Allah ya ƙara lafiya. A gaida maman yarinya."

Sau uku tana ba shi wannan amsar kafin ya farga da ɓarnar da ya yi wa kansa.

"Wallahi ba ni da mata. Kawunta ne ni. Tsoro na ji kada ki kore ni waje."

"To Kawu, da ka faɗa tun farko. Na sha wuyar share ka."

Soyayya ta zauna, amma Inna ta kafe. "Wadda ke wuni cikin masu tari? Ba a gidana ba." Sakamakon gwajin da ya kai mata ma ta ce kare kansa yake yi. Shi kuwa ba zai yi aure ba da albarkarta ba.

Ranar komawa asibiti Inna da kanta ta kai jikarta. Likita ya jera hotuna biyu, tsoho mai farin tabo, sabo tas, ya ce tun farko nimoniya ce, ba korona ba.

"Wato ba shi ya shafa mata ba?"

"Ba shi ba ne, Inna," in ji Mai Hoto, da ta kawo hotunan, a hankali. "Ranar nan yana riƙe da ita yana kuka."

Kunya ta rufe Inna. Wata guda ke nan ba ta amsa gaisuwar ɗanta da daɗi.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Inna ta kama hannunta ta riƙe gam.

"Jikata likita ya warkar, amma ɗana ke kika mayar min da shi. Allah ya yi muku albarka, 'yata."