Jan Ɗankwali a Gindin Fiya

Cikin daminar 1978, a Dutse Uku, Lukuman tela yana saman bishiyar fiya sai ya ji murya daga ƙasa.

"Malam, wannan reshen a gidanmu yake. Miƙo mana namu."

Ya leƙo. Maimunatu ce, 'yar maƙwabcinsu Malam Isa, ta dawo daga kwalejin horon malamai. Ya miƙa mata biyu, ya sauko ya bar zuciyarsa a tsallaken shinge.

Sai dai shekara takwas ke nan Malam Isa da Malam Jika, mahaifin Lukuman, ba sa ga-maciji a kan bishiyar nan. Kowa ya ce a filinsa take, ɗan'uwansa ne ya matsar da shinge. Da maganar aure ta taso, Malam Isa ya ce ba zai kai 'yarsa gidan da aka ci masa iyaka ba. Lukuman da Maimunatu suka koma wasiƙa ta kafar shinge. Ta nan ya tura mata jan ɗankwali da ya ɗinke wa baki da hannunsa.

Ana haka wani matashin safiyo mai suna Pwajok ya zo awon fili a kan babur ɗinsa Basfa, gashi a taje. Kwana uku Maimunatu na riƙe masa bakin igiya tana dariya, Lukuman na shago yana karya allura. Kishi ya hana shi cin abinci. Rana ta uku ya ga jan ƙyalle ɗaure a kowane fegin da aka kafa, kuma ya gane ɗinkinsa.

Ya rubuta: "Maimuna, na ga ɗankwalina a fegin mai Basfa. Allah ya sa alheri. Ki dawo mini da hotona."

Amsa ta zo kafin la'asar: "Lukuna, kishi ya rufe maka ido. Sau huɗu na je ofishinsu kafin ya zo, don in ba a raba iyakar nan ba, ba ni ba kai. Jan ƙyallensa ne ya ƙare, na yaga abin da na fi so. Matarsa Theodora ajinmu ɗaya. Hoto kuwa ba na bayarwa."

Kunya ta kama shi, ya karanta wasiƙar sau biyar.

Washegari da hantsi, a gaban mai unguwa, Pwajok ya ja igiya daga tsohon dutsen iyaka na siminti na zamanin haƙar kuza. Ta bi ta tsakiyar gindin fiyar daidai.

"Baba, rabi naku, rabi nasu. Sai dai a tsaga ta," in ji Pwajok.

"A kawo gatari," in ji Malam Jika.

Malam Isa ya dafa gindin. "Ba mai sare ta. A inuwarta yarinyar nan ta koyi tafiya." Ya dubi Lukuman, sannan ya juya ga Malam Jika. "Jika, ba ni da rabi, ba ka da rabi. Mu bar wa yara. Ka turo."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, aka fasa ƙofa a shingen. Lukuman ya bi fegi ɗaya-ɗaya ya kwance ƙyallayen, ya haɗe su a keken ɗinki. Da ɗankwalin amarya ta shigo, duk tabon ɗinki.

"Har yanzu kana kishin mai Basfa?" ta tambaya a hankali.

"Kaɗan," ya ce.

Allah ya bar su tare, ya albarkaci gidajen biyu.